A Gaɓa Ake Yankawa

Mahaifina ya yi shekara fiye da ashirin yana jera haruffan dalma a wata maɗaba'a a Zariya, kafin idonsa ya fara rauni ya tattaro ya dawo gida Suleja. Aikinsa shi ne ya tsinci harafi ɗaya-ɗaya daga akwati mai ƙananan ramuka, ya jera su a juye a kan wani ɗan ƙarfe har layi ya cika, sannan ya cusa siraran dalma a tsakanin kalmomi don bakin kowane layi ya zo daidai da na ɗan'uwansa. Aikin ya bi jikinsa. Tun muna yara, in aka miƙa masa takarda, ko katin biki ne, ba da karatu yake farawa ba. Sai ya nisanta ta da fuskarsa, ya ɗan karkata kai, ya dubi yadda rubutun ya zauna. In bai yi masa ba, ya ce, "Wanda ya jera wannan yunwa yake ji."

Ni ce 'yarsa ta uku. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana. Kwamfuta na karanta, na yi shekara biyu ina bin motar Abuja kullum, har na gaji da cunkoson hanya na kama ɗan shago a saman bene kusa da babbar kasuwa. A nan nake gina wa mutane shafukan intanet: masu sayar da magani, ƙungiyar masu shinkafa, makarantu. Baba bai taɓa fahimtar ainihin abin da nake yi ba, kuma bai damu ya fahimta ba. In abokansa suka tambaye shi, cewa yake yi, "Tana aikin waya."

Cikin waɗanda nake yi wa aiki akwai shugabar wata makarantar firamare a Maje, dattijuwa 'yar Filato da ta bar aikin gwamnati ta buɗe tata. Madam kowa ke ce mata. Hausarta tana da ɗan karin garinsu, amma ba ta da gyara wajen ma'ana. Ita ce ta fara cewa in riƙa sa wasiƙar da take aika wa iyaye da Hausa a shafin makarantar, don yawancin iyayen manoma ne, kuma sun fi sakewa da Hausa. Na fassara wasiƙar farko da kaina, na ji daɗin yadda ta fito, na kai wa Baba a waya wata ranar Asabar da hantsi yana zaune a zaure.

Ya karɓi wayar ya duba ta yadda ya saba duba takarda. 

"Wa ya jera wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Ke kika rubuta, na yarda. Wa ya jera?"

Na yi masa bayani cewa babu wani mutum da ya jera. Manhajar da ake buɗe shafi da ita, wadda muke kira burauza, ita ke yanke inda kowane layi zai tsaya, gwargwadon faɗin wayar mai karatu. Ya sa ɗan yatsa a kan gilashin ya nuna mini wani layi da ya tsaya tun bai kai rabi ba, da na ƙasansa da ya cika har baki. Sannan ya gangara ƙarshen sakin layin, inda kalmar "ba" ta zauna ita kaɗai a layi guda.

"Wannan fa? Laifin me ta yi aka kore ta?"

Na yi dariya, na ce ai burauza kamar kwandastan motar Abuja take. Tana cusa kalmomi a layi har ya cika, wadda ta rage ta jira na gaba, ba ruwanta da abin da zai faru a ƙarshe. Baba bai yi dariya ba. Ya ce a maɗaba'a, mai jera haruffa sai ya karanta sakin layi gaba ɗaya tukuna. In ya hango kalma za ta rage ita kaɗai a ƙasa, sai ya koma sama ya sauko da wata tun daga layi na biyu, ya ɗan saki nan, ya ɗan matse can, har komai ya zauna. Ya miƙo mini wayata ya ce fassarar dai ta yi kyau.

Na fita daga zauren da wannan "dai" ɗin a zuciyata. Tun daga ranar na kasa karanta komai a waya ba tare da idona ya kai bakin layi ba.

Bayan wasu watanni na ci karo da labarin cewa masu ƙera burauza sun fara shigo da sabuwar hanya. Kalma biyu kawai za ka rubuta a cikin umarnin shafi, burauza ta daina halin kwandasta, ta riƙa duba gaba kafin ta yanke layi. Wato abin da Baba ya kwatanta mini, shi suka koya wa na'ura. Akwai kuma wani tsohon umarni da ban taɓa amfani da shi ba, wanda ke ba burauza izinin raba doguwar kalma gida biyu da ɗan karan ɗori in ta zo bakin layi. Zumuɗi ya ɗebe ni. A yini ɗaya na kunna su duka biyun a kowane shafi na makarantar Madam, ban bar ko ɗaya ba. Na buɗe tsohuwar wasiƙar a wayata na kai wa Baba. Kalmar "ba" ta samu 'yan rakiya. Ya duba, ya gyaɗa kai sau biyu ya ce, "To, yanzu an jera." Na koma shago ina tafiya kamar an ba ni sarauta.

Mako uku bayan haka, ranar Laraba ta makon rufe makaranta, Madam ta kira ni wajen ƙarfe goma na safe.

"'Yata, me kika yi wa katin sakamakon yarana?"

Katin sakamakon ma shafin intanet ne. Ni na tsara shi tun shekarar da ta gabata, na auna shi ya cika takarda ɗaya cif, da bayanin malamin aji a ƙasa, da wurin sa hannun shugaba a can ƙarshe. Malamai kan buga shi a kwamfutar ofis, wasu iyayen kuma su buga nasu a shagunan buga takardu na cikin gari. Na tare Keke Napep na nufi Maje, muna ratsa sababbin gidajen da suka cinye gonakin bakin hanya. Na tarar da Madam a ofis da tulin takardu kashi biyu a kan tebur. Kashi ɗaya lafiya lau. Ɗaya kashin kuwa, bayanin malami ya ƙaru da layi guda, wurin sa hannu ya zame ya faɗa takarda ta biyu shi kaɗai, farar takarda fes sai ɗan layi a samanta.

Na zauna na bincika, na gano abin da ya faru. Kwamfutar ofis tsohuwar burauza gare ta, ba ta san sabon umarnin ba, sai ta yi biris da shi ta buga katin yadda yake a da. Kwamfutar mataimakiyar Madam sabuwa ce, ta bi umarnin, ta gyara zaman layuka, gyaran ya ƙara tsawon sakin layin. Wani uba kuma ya zo da nasa da aka buga masa a Diko da wata burauzar dabam, wadda ita ma ta bi umarnin amma ta nata salon, layukanta suka tsaya a wasu wuraren. Shafi ɗaya, fuska uku.

"Akwai saura," in ji Madam. Ta buɗe wayarta ta nuna mini sabuwar wasiƙar iyaye, inda aka roƙi kowa ya taimaka da ɗan hatsi don abincin ranar rufe makaranta. Kalmar ta faɗo a bakin layi, burauza ta raba ta: "hat" a sama, "si" a ƙasa. A ƙasa kaɗan "fushi" ta zama "fus" da "hi".

"Wani baban yaro ya tsayar da ni a ƙofa," ta ce, tana danne dariya. "Ya ce shi ya san hat hula ce a Turanci, wace irin hula ake so yara su zo da ita?"

Ni dai ban iya dariyar ba. Laifin nawa ne ƙarara. Kowane shafi yana da wurin da ake shaida wa burauza harshen da aka rubuta shi. Ƙirar da na ɗauko na gina shafin makarantar a kanta da Turanci ta zo a wurin, ban taɓa canzawa ba, don a da bai hana komai ba. Yanzu da na ba da izinin raba kalma, sai burauza ta ɗauki Hausata ta yanka da wuƙar Turanci. Kafin azahar na cire sabon umarnin daga katin sakamako, na shaida wa wasiƙar cewa Hausa ce, na hana raba kalmomi. Madam ta sa aka sake buga waɗanda suka lalace. Ba ta yi mini faɗa ba. Da zan tafi ta ce, "Gyara yana da kyau, 'yata. Amma ki riƙa sallama kafin ki shiga ɗakin mutane da tsintsiya."

Da yamma na ba Baba labari, ina jiran ya ce ai ya faɗa. Maganar hatsi ce ta fi ɓata masa rai. Ya ce "ts" harafi ɗaya ne a Hausa ko da an rubuta shi da baƙi biyu, haka "sh", kuma ko mahauci a gaɓa yake yanka. Game da katin kuwa, sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce a maɗaba'arsu akwai wata kanta da ake ajiye ayyukan da aka riga aka jera aka ɗaure da zare, irin fom-fom na asibiti da na makarantu da ake sake bugawa duk shekara. Wasu an jera su tun kafin ya zo, kuma munin jerin har ciwon ido yake sa shi. Yana sabon shiga ya taɓa kwance ɗaya ya gyara shi tsaf. Da aka kai wa masu shi suka dawo da shi, domin sun saba ɗora shi a kan wani littafi suna kwafa da takardar kabon, yanzu kuma layukan ba su hau kan juna ba.

"Shugabanmu ya ce mini, aikin da ke kan kanta ba naka ba ne, na masu shi ne. In kana son nuna gwaninta, ga sabon aiki can."

Na tambaye shi yadda suke yi da haruffan da suka fito daga kamfanoni dabam-dabam. Ya ce kowane kamfani da irin zanen harafinsa, ba wanda ya tilasta wa wani. Abu ɗaya aka yarda da shi duk duniya, tsayin dalmar. In wani ya fi tsayi zai huda takarda, in ya gaza ba zai taɓa tawada ba. "An bar kowa da gwanintarsa, Uwata. An dai hana shi ɓata wa maƙwabcinsa."

A cikin makon na koma ina karanta yadda aka yi sabon umarnin ya samu. Ashe akwai zaure a intanet, a buɗe ga kowa, inda masu ƙera burauza da masu tsara shafuka ke muhawara a kan ƙa'idojin da kowa zai bi. Na tarar ana tsakiyar gardama a kan abin da ya same ni. Wasu na cewa tunda sabuwar hanyar ta fi kyau, a mai da ita ta kowa, kowane shafi ya samu ko mai shi bai nema ba. Wasu na cewa a'a, akwai shafuka birjik da aka auna su a kan tsohon hali, kuma masu su ba sa nan balle su gyara. Wasu na tsoron nauyin lissafin a kan ƙananan wayoyi. Wasu na son a rubuta hanya guda ɗaya tak da kowace burauza za ta bi, wasu na cewa in aka ɗaure ta yau an hana wani ya zo da wadda ta fi ta gobe. Akwai kuma masu ganin cewa in ana son layuka su zauna sosai, sai an haɗa da raba kalmomi.

Wata guda kafin nan da ina cikin masu cewa a kunna wa kowa. Yanzu kuwa na karanta muhawarar tun daga sama har ƙasa, na lura misalansu duk na Turanci ne da Jamusanci da harsunan gabashin Asiya. Ban ga wanda ya ambaci shafin da ke cewa shi Turanci ne alhali ba shi ba ne. Na buɗe shafukan Hausa da na saba karantawa, na leƙa cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Da yawansu irin kuskurena gare su.

Kwana uku na yi ina rubutawa ina gogewa. Ina jin Turanci, amma waɗannan mutane ne da suka ƙera abin da nake ci da shi, ni kuwa mai shago ce a saman bene, ƙarar masu sayar da doya na shigo mini ta taga. Na gaya wa Baba ina jin nauyi. Ya ce, "Su sun san hatsi?" Na ce a'a. Ya ce, "To ke kin sani."

Na rubuta gajere. Na ba da labarin katin sakamako ba tare da sunan makaranta ba, na sa hoton takardar nan mai layin sa hannu shi kaɗai. Na sa hoton hatsin da aka raba. Na bayyana cewa a wurinmu shafuka da yawa suna ɗauke da alamar Turanci ne don haka ƙirarsu ta zo, kuma duk ranar da aka kunna raba kalma ba tare da mai shafi ya nema ba, harshenmu ne zai sha wuƙa. Na ce ina son sabuwar hanyar, mahaifina ma da ya yi aikin da hannu ya yaba mata, amma a bar ta sai wanda ya nema.

Kwana biyu shiru. A rana ta uku ina cikin yi wa mai kantin magani gyaran shafi na ga amsa. Wata mata ce daga cikin masu aikin ɗaya daga burauzocin. Ta yi godiya, ta ce ba ta san "ts" harafi ɗaya ba ne a wani harshe da ake rubutawa da baƙaƙen boko irin namu, ta kuma tambaya ko zan iya ba su jerin kalmomin Hausa da wuraren da ya halatta a raba su, da inda bai halatta ba, don su sa a cikin gwaje-gwajen da ake yi wa kowace burauza. Na karanta sau uku, na sallami mai kantin magani da alkawarin gobe, na rufe shago na tafi gida.

Mako guda muka yi ni da Baba a zaure, kullum daga bayan karin kumallo zuwa hantsi. Shi yana faɗa, ni ina bugawa. Yakan furta kalma a hankali yana buga yatsa a gwiwa a kan kowace gaɓa: ha-tsi, fu-shi, wa-tsa, ƙyan-ƙya-sa, gwag-go. Ya ce "akwai" a bar ta ɗungurungum, don ba a barin harafi ɗaya tilo a bakin layi. Muka yi gardama a kan "ma'aikata". Ni na ce a raba bayan ɗan waƙafin nan na sama, wato apostirofi, shi ya ce wannan alamar baƙi ce mai zaman kanta, da wasalin da ke gabanta take tafiya, don haka ma-'ai-ka-ta. Na ce ai zai yi muni a ido. Ya ce to a rubuta cewa halal ne amma makaruhi, in da hali a kauce masa. Haka na rubuta, da Turancin da ya fi kusa. "'Ya'ya" kuwa ya ce kada a kuskura, kalma ce gajera, in ba ta samu wuri ba ta sauka gaba ɗaya.

Ban taɓa zama da mahaifina muna aiki ɗaya ba sai a wannan makon. Na ga yadda yake cije leɓe in yana tunani, yadda ba ya yarda a wuce kalma sai ya tabbata. Wata safiya ya tuna wani abokin aikinsa da ya rasu, wanda suka taɓa yin irin wannan gardamar da shi a kan "ɗan'uwa", sannan ya ce mu ci gaba. Madam ma da ta ji abin da muke yi ta aiko da saƙo cewa harshen garinsu yana da irin waɗannan tagwayen baƙaƙe, in gaya musu ba Hausa kaɗai ba ce. Na ƙara wannan a ƙarshen jerin.

An karɓi jerin, an sa shi cikin gwaje-gwajen. Muhawarar ta ci gaba bayan nan, kuma har yau sabuwar hanyar sai mai shafi ya nema, kowace burauza kuma tana da 'yancin yadda za ta yi ta. Ba zan ce ni na sa aka tsaya a haka ba. Manyan masana sun faɗi irin ra'ayina tun kafin in buɗe baki, da hujjojin da suka fi nawa. Abin da na sani shi ne, a wani wuri cikin dubban gwaje-gwajen da ake yi kafin a saki burauza ga duniya, akwai hatsi, akwai gwaggo, kuma daga zaurenmu suka fita.

Matar ta tambayi sunan da za a rubuta a saman jerin. Na ba ta biyu, na Baba a gaba. Da abin ya fito na karanta masa, na fassara masa kalmar godiyar da ke kusa da sunansa. Ya ce in sake karantawa. Na sake. Ya ce a shekarunsa na maɗaba'a ya jera sunayen marubuta da na masu fassara da na masu zane ba iyaka, amma ba a sa sunan mai jerawa a littafi. Sai ya tashi ya yi alwala.

Ranar kasuwa ta gaba ina shago na ji ana hawowa bene a hankali, ana hutawa a kowane mataki. Baba ne, karo na farko tun da na kama wurin. Na ba shi kujerata. Ya ce in nuna masa yadda ake yi layukan su motsa. Na ɗora hannunsa a kan linzamin kwamfuta, na koya masa ya ja gefen shafin ya tsuke shi, ya sake ja ya buɗe. Ya yi ta yi yana kallon kalmomi suna sauka suna hawa suna neman wurin zama. Aikin da kan ci masa rabin yini, yana faruwa kafin ya ɗaga yatsa.

Mai kantin magani ya shigo karɓar aikinsa, ya gaishe shi, ya tambaye shi ko ya zo ganin aikin 'yarsa ne.

"Aikinmu dai," in ji Baba. Ya laluba aljihun rigarsa ya ciro wata takarda a ninke, ya miƙo mini. Sunayen itatuwa ne da na tsuntsaye, ya rubuta su da manyan baƙaƙe, kowanne da 'yan gajerun layuka a tsakanin gaɓoɓinsa. "Waɗannan mun manta da su. Ki duba tsattsewa, ban tabbata da ita ba."